KUMBURIN HANNU BAYAN AIKIN SANKARAR MAMA

Gabatarwa

Sankarar mama, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na nono, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijeriya. Bisa ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kaɗai mutum fiye da 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan. Mata da yawa da aka yi wa aiki a asibiti sukan sami sauƙi, su koma ɗakunansu, su ci gaba da harkokinsu. Amma akwai wata larura da kan biyo bayan aikin, wadda ba a cika yi wa jama'a bayaninta ba, watau kumburin hannu na ɓangaren da aka yi wa aiki.

Rashin sanin wannan larura yana jawo ɓarna iri biyu. Ta farko, mace ta ga hannunta ya kumbura, a ce mata sammu ne ko jifa, a kai ta wurin mai tsaga, ƙwayoyin cuta su shiga, abu ya lalace. Ta biyu, wata mace mai ƙullutu a mama ta ga hannun maƙwabciyarta, tsoro ya kama ta, ta ƙi zuwa asibiti sam, har ciwon ya ci ƙarfinta. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana abin da ke kawo kumburin, da yadda za a gane shi da wuri, da yadda za a lura da shi a gida da asibiti. An ɗauki garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, da ƙauyukan da ke kewaye da shi don misali, amma bayanin ya shafi kowane sashe na ƙasa.

Magudanan ruwan jiki

Kowa ya san jini da jijiyoyinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ban da jini akwai wani ruwa garai-garai da ke tsakanin tsokoki da ƙarƙashin fata. Shi ne ruwan da akan gani cikin bororo idan wuta ta taɓa mutum. Likitoci suna kiransa limf. Yana tsattsafowa daga cikin jini dare da rana, ya kwashi datti da ƙwayoyin cuta, sa'an nan ya bi waɗansu siraran hanyoyi ya koma cikin jini a wajen gindin wuya.

A kan waɗannan hanyoyi akwai 'yan ƙananan ƙululai masu tace ruwan, su ne kaluluwa. Duk wanda ya taɓa yin miki a ƙafa ya ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ya san su. A hammata ɗaya akan sami kamar 20 zuwa 40, kuma ta cikinsu ne ruwan hannu da na mama da na gefen ƙirji ke wucewa.

Sankarar mama idan za ta bazu, kaluluwar hammata takan fara kamawa. Saboda haka likita mai fiɗa yakan cire waɗansu daga cikinsu sa'ad da yake aikin maman, domin ya ceci ran majiyyaciya. Har wa yau, gashin da ake yi da na'ura don ƙone ragowar ciwon yakan bar tabo a hanyoyin. To, abin da kan faru kamar yadda unguwa kan zama ne da damina idan kwalbati ya toshe: ruwa na zuwa, mafita ta ƙuntata, sai ya kwanta. Ruwan da ya kwanta a hannu shi ne kumburin. Sunansa a wurin likitoci limfidima.

Ba yau aka san wannan larura ba. Likita William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya bayyana hanyarsa ta aikin sankarar mama a 1894, shi da kansa ya yi rubutu a kan kumburin hannun a 1921, har ya kwatanta shi da tundurmi.

Bambancinsa da tundurmi

Mutanen Jihar Nasarawa da na Filato sun san tundurmi da gwaiwa, gama sun daɗe suna fama da su. Tsutsa ce ke kawo su, sauro kuwa ke ɗaukar ta daga wani zuwa wani, ta shiga ta toshe hanyoyin ruwan nan da aka ambata. Tun daga shekarar 2000 aka yi shekaru ana raba magani gida gida a jihohin biyu, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Cibiyar Carter ta Amurka, har a 2017 aka ba da sanarwar an tsayar da yaɗuwar cutar a cikinsu.

Don haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin Doma ko Obi ya ga hannu ya kumbura ya ce tundurmi ne ya dawo. Kamannin suna da yawa, amma sanadin dabam ne. Kumburin bayan aiki ba shi da tsutsa, sauro ba ya ɗaukarsa, maganin tundurmi ba ya yi masa kome. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko musafaha, ko kwana ɗaki ɗaya. Abu guda da ya haɗa su shi ne tsabta: wanke gaɓar da sabulu kullum da tsare ta daga rauni, kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koya wa masu tundurmi, shi ne kuma ginshiƙin lura da wannan hannu.

Wa ya fi kamawa?

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama a 2013 ya nuna kamar mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin sankarar mama takan sami wannan kumburi. Watau huɗu cikin biyar ba sa samunsa. Mafi yawa yakan bayyana cikin shekara biyu ko uku na farko, amma yana iya fitowa bayan shekaru masu yawa. Abubuwan da ke ƙara haɗarinsa su ne:

1. Cire kaluluwa masu yawa daga hammata.
2. Gashin na'ura a hammata ko gindin wuya.
3. Ƙiba mai yawa.
4. Shigar ƙwayoyin cuta a hannun ko a wurin aikin.

Akwai abin lura a nan. Tun cikin shekarun 1990 likitoci suka fito da dabarar sa wani launi ko sinadari don gano kaluluwar farko da ruwan mama ke bi, a cire ita kaɗai ko da 'yan kaɗan a auna. Idan ba a sami ciwo a ciki ba, sai a bar sauran. Matan da aka yi wa haka, wajen 6 cikin 100 ne kawai hannunsu ke kumbura, alhali waɗanda aka kwashe wa kaluluwar hammata sukan kai wajen 20 cikin 100. Amma wannan dabara ta fi dacewa da ciwon da aka tara da wuri. Mafi yawan mata a Nijeriya ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa, lokacin da tilas a kwashe hammatar. Ashe ke nan macen da ta ƙi asibiti don tsoron kumburin hannu, ita ce ke jawo shi kusa. Zuwa da wuri yana tsare rai, yana kuma tsare hannu.

Maza ma sukan kamu da sankarar mama, kamar mutum ɗaya cikin kowane 100 masu ciwon. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafe su.

Alamomin farko

Ɗan kumburin da kan zo cikin makonnin farko bayan aiki yawanci yakan saɓe da kansa. Wanda ake magana a kai yakan zo ne sannu a hankali, sau da yawa mai shi takan ji shi kafin ido ya gan shi. Ga alamomin:

1. Hannu ya yi nauyi, ko ya riƙa tsami da ɗaurewa, musamman da yamma.
2. Zobe ko awarwaro ko agogo ya fara matsewa.
3. Hannun riga ya matse a ɓangare ɗaya kaɗai.
4. Jijiyoyin bayan hannu da gaɓoɓin yatsu su daina bayyana kamar na ɗaya hannun.
5. Idan aka danna fata da yatsa, gurbin ya daɗe bai cike ba.
6. Kumburi a gefen ƙirji ko bayan hammata.

A wannan mataki kumburin yana da taushi, yakan ragu idan an kwana ko an ɗaga hannun. Idan aka yi sakaci, ruwan yakan sa kitse da tabo su taru, hannun ya yi tauri, fata ta yi kauri, ɗagawa ta daina amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Awo da tef ɗin tela

Ba a bukatar na'ura don a sa ido a kan hannu. Tef ɗin tela da ɗan littafi sun isa. A auna kewayen hannuwan biyu a wurare huɗu: tafin hannu, da wuyan hannu, da santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ya fi kyau a yi awon farko tun kafin aiki, domin hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri tun asali. Daga nan sai a riƙa yi sau ɗaya a wata, da safe, a rubuta da kwanan wata. Idan wani wuri ya ƙaru da santimita 2, a je asibiti da littafin. Idan kuwa mace na jin nauyi ko da tef bai nuna kome ba, ita ma ta je.

Yadda za a tsare hannun

Hannun da aka cire wa kaluluwa ba shi da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta kamar da. Ɗan ƙaramin rauni yana iya zama babban ciwo. Matan Lafiya da kewaye kuwa aikinsu na hannu ne: haƙar doya, yankan riɗi, ɓare rogo, faskare, tuƙin tuwo a bakin murhu, da dafa gishiri kamar yadda matan Keana da Awe suka gada. Ba a ce su bar sana'arsu ba, sai dai su kiyaye waɗannan:

1. A wanke hannun kullum da sabulu mara kaifi, a tsane shi sosai, har tsakanin yatsu da hammata. Haka kuma bayan alwala ko wanke-wanke.
2. A shafa man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu sa'ad da fata ke tsagewa.
3. A sa safar hannu wajen aikin gona, da gyaran kifi, da wanki da sabulu mai ƙarfi.
4. A yi hattara da wuta da tafasasshen mai. A sauke tukunya da tsumma mai kauri.
5. A yanke farce da abin yankan farce, kada a yi da reza, kada a ci naman gefensa.
6. A kwana cikin gidan sauro, gama cizo da susa ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta.
7. Idan an ji rauni, kome ƙanƙantarsa, a wanke nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a sa maganin miki, a rufe, a riƙa dubawa.
8. A cire zobe da awarwaro masu matsewa, kada a rataya jaka mai nauyi a wannan kafaɗa.
9. Wajen allura ko ɗibar jini ko awon hawan jini, a gaya wa ma'aikaci ɓangaren da aka yi wa aiki don ya yi a ɗayan idan da hali. Amma in larura ta kama, kada a ƙi magani saboda wannan.
10. Mai ƙiba ta yi ƙoƙarin rage ta.

Motsa hannu

A da akan ce wa mata su ajiye hannun, kada su ɗauki kome da shi. Yanzu an gane wannan shawara ba daidai ba ce. Hanyoyin ruwan ba su da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ne ke taimakawa wajen tura ruwan. A 2009 wani bincike da Dokta Kathryn Schmitz ta jagoranta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ya nuna matan da ke da kumburin, da suka riƙa ɗaga nauyi kaɗan kaɗan suna ƙarawa a hankali, sanye da safar matsi, hannunsu bai ƙara kumbura ba, tashin ciwon ma ya ragu.

Saboda haka da zarar likita ya ba da izini bayan aiki, sai a fara: jan numfashi mai zurfi, juya kafaɗa, dunƙule hannu da buɗewa, lanƙwasa gwiwar hannu, da hawa bango da yatsu har hannu ya miƙe sama. A yi sau biyu ko uku a yini. Daka da jan guga da ɗaukar kaya ba a hana su har abada ba, amma a koma musu mataki mataki. Wadda ta yi wata uku ba ta riƙe taɓarya ba, kada ta wayi gari ta ce za ta surfa kwano goma. Idan hannu ya yi nauyi bayan aiki, a huta, a ɗora shi bisa matashi ya ɗara ƙirji tsawo, gobe a rage.

Abubuwan da ba a yi

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci ga dangi da maƙwabta, domin galibi su ne masu kawo shawara.

Kada a yi wa hannun tsaga, ko sakiya, ko ƙaho. Ruwan ba a wuri ɗaya ya taru kamar mugunyar maruru ba, yana cikin nama ne kamar ruwa a cikin soso. Tsaga ba ta fitar da shi, sai dai ta bar miki mai tsiyaya wanda ba ya saurin warkewa. Ana roƙon wanzamai da masu maganin gargajiya, idan aka kawo musu irin wannan hannu, su mai da mai shi asibiti.

Kada a gasa shi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, gama zafi yana ƙara kumburin. Mai jego da aka taɓa yi wa wannan aiki ta kiyaye hannun daga ruwa mai tsananin zafi wajen wankan jego.

Kada a murza shi da ƙarfi, kada a ɗaure shi da igiya ko roba ko tsumma a wuri ɗaya.

Kada a sayi ƙwayar sa fitsari a kemis don a rage shi. Ba ta warkar da irin wannan kumburi, tana kuwa iya cutar da jiki.

Lokacin gaggawa

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Hannu ya yi zafi, ya yi ja ko fatarsa ta ƙara duhu da sheƙi, ga zogi, ga zazzaɓi ko rawar ɗari. Wannan alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga. Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya shan maganinsa. Ana bukatar maganin ƙwayoyin cuta daga likita, a kuma shanye shi duka. Kowane tashi irin wannan yana ƙara lalata hanyoyin ruwa, idan kuwa ya shiga jini yana iya kisa.
2. Kumburi ya zo farat ɗaya da ciwo, gama yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya.
3. Sabon ƙullutu a hammata ko wuya ko wurin aikin, ko hannu ya fara mutuwa.

Kumburin hannu shi kaɗai ba ya nufin sankara ta dawo. Amma likita ne kaɗai zai tabbatar, don haka duk sabon kumburi sai an gwada masa.

Maganin asibiti

Gaskiyar magana, hanyoyin da aka cire ba sa dawowa yadda suke, don haka larurar ta zama abin lura har tsawon rai, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Amma ana shawo kanta ƙwarai, hannu ya ragu, mace ta yi aikinta. Masu wannan aiki su ne ma'aikatan sashen motsa gaɓoɓi, waɗanda aka fi sani da fisiyo. Maganin ya haɗa abu huɗu: lura da fata, motsa hannu, naɗi, da shafa ta musamman.

Naɗin ana yinsa da auduga da bandeji na musamman, daga yatsu zuwa hammata, na 'yan makonni har hannu ya saɓe. Daga nan sai a auna mata safar matsi wadda za ta riƙa sawa da rana, a sake sabuwa kamar bayan wata shida idan ta saki. Safar da ba a auna ba tana iya ƙara ɓarna. Shafar kuwa mai taushi ce ƙwarai, fata kawai ake ja, don a karkata ruwan zuwa hanyoyin da ke da lafiya. Emil Vodder, mutumin Denmak, shi ya fito da ita cikin shekarun 1930. Ma'aikaci yana iya koya wa majiyyaciya da 'yarta ko mijinta su riƙa yi a gida. Game da alwala a kan naɗi, malamai sun yi bayanin hukuncin shafa a bisa bandeji, sai a tambaye su.

Mutanen Lafiya da kewaye sai su fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin garin wanda jama'a suka sani da sunan Ɗalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Wadda aka yi wa magani a Asibitin Ƙasa na Abuja, ko asibitocin koyarwa na Jos, Zariya, Kano, Sakkwato, Gombe da sauransu, ta ambaci hannun duk ranar da ta koma ganin likita, ta roƙi a tura ta sashen fisiyo. Ta adana katinta da takardar sallama, gama su ne za su nuna irin aikin da aka yi mata.

Haƙƙin miji da dangi

Macen da ta rasa mama, sa'an nan hannu ya kumbura, takan shiga damuwa, ta riƙa ɓoye shi cikin mayafi, ta daina zuwa biki da kasuwa. Wajibi ne miji ya tsaya mata da kuɗin mota da na magani, da kyakkyawar magana. Abokan zama da 'ya'ya su ɗauke mata aiki mai nauyi a ranakun da hannun ya tashi, ba tare da gori ba. Tela ya buɗa mata hannun riga. Limamai da fastoci da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin mata su taimaka wajen kashe zancen sammu, domin zargi ya raba zumunci da yawa a banza. Watan Oktoba da aka keɓe don faɗakarwa kan sankarar mama, da ranar 6 ga Maris ta masu wannan kumburi a duniya, lokuta ne masu kyau na yin wannan bayani a taro.

Tambayoyi don bita

1. Mene ne aikin kaluluwar hammata, kuma don me likita ke cire ta?
2. Ta ina wannan kumburi ya bambanta da tundurmi?
3. A waɗanne wurare huɗu ake auna hannu, kuma ƙarin santimita nawa ne ke sa a tafi asibiti?
4. Don me aka hana tsaga da sakiya da gashin ruwan zafi?
5. Waɗanne alamomi ne ke bukatar asibiti a ranar?

Duk wanda ya karanta wannan takarda, ana roƙonsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman matan gidansa. Wadda kuma ta ji ƙullutu a mamanta, kada ta jira ya yi ciwo, ta tafi asibiti cikin makon nan. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.